Ƙungiya 18 a shekara 39: Ranieri gwani ne ko ɗan ga-ruwa?

Ɗan Stamford: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na zauna na ƙirga wuraren da kocin ƙwallon ƙafa ɗan Italiya Claudio Ranieri ya yi aiki, yatsun hannu suka ƙare na koma na ƙafa. Vigor Lamezia, Puteolana, Cagliari, Napoli, Fiorentina, Valencia, Atletico Madrid, Chelsea, Parma, Juventus, Roma, Inter, Monaco, Leicester, Nantes, Fulham, Sampdoria, Watford. Ƙungiya 18 ke nan daga 1986 zuwa 2025, ban sa ƙasar Girka a lissafi ba. Valencia sau biyu ya je, Cagliari sau biyu, Roma sau uku. Duk wannan yawon kofin babbar gasa ɗaya tal ya ɗaga. To ni dai ina tambaya: in da gaske gwani ne, me ya sa babu inda aka riƙe shi ya shekara biyar? Don Allah a ba ni amsa da hujja.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Wannan "ɗaya tal" da ka faɗa da sauƙin baki, ka san wane ne kuwa? Leicester ce fa, 2016. Maki 81, tazarar maki goma tsakaninsu da Arsenal, wasa uku kacal suka rasa a kakar gaba ɗaya. Nemo mini wani kocin da ya yi irin wannan sannan mu ci gaba.

Ɗan Stamford: Yaya, na san can za ka fara. Sa'a ce. Chelsea ta rushe a shekarar, Man United na hannun Van Gaal tana lalube, Man City kuma tun watan Fabrairu aka sanar Guardiola na zuwa, 'yan wasa suka saki jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baban Hanifa: Bangon ya tsage wa kowa da kowa ai. Arsenal da Tottenham ba su ga tsagar ba ne?

Gunner Har Abada: Ni me na yi muku da sassafe? Mu ne ma muka doke su gida da waje a kakar. A bar tone-tone.

Kawu Mai Rediyo: Yara, ku ɗan saurara. Ni na fara jin sunan mutumin nan tun yana Cagliari, lokacin da yawancinku ba a haife ku ba. Kuskuren Ɗan Stamford shi ne yana ƙirga ƙofofin da mutum ya shiga, bai duba halin da ya tarar da gidan ba. Bari in ɗauko muku daga tushe.

Ya karɓi Cagliari a 1988 tana rukuni na uku. Kaka biyu a jere yana hawa da ita, sai ga ta a Serie A a 1990. Daga nan Napoli ta ɗauke shi a 1991, daidai lokacin da Maradona ya bar gari. Ku yi tunanin wannan: gari ne da ya mayar da mutum ɗaya tamkar sarki, sarkin ya tafi, kuɗi sun fara ƙarewa, aka ce kai zo ka zauna. Ya miƙa wa Gianfranco Zola ragamar, suka ƙare na huɗu. Kakar da ta biyo baya abu ya ɗan karkace, suka sallame shi.

Fiorentina fa? Tana rukuni na biyu ya same ta a 1993. Ya dawo da ita a shekarar farko, a 1996 ya ci Coppa Italia da Batistuta da Rui Costa. Valencia ya ba ta Copa del Rey a 1999, kuma tubalin da ya aza ne Hector Cuper ya hau ya kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai sau biyu a jere. Monaco ma a rukuni na biyu ya tarar da ita a 2012, ya hau da ita, shekara ta gaba ta zo ta biyu a bayan PSG.

Kun ga abin da nake nufi? Ba a kiran Ranieri ranar biki. Ranar da rufi ya fara yoyo ake nemansa.

Ɗan Stamford: Allah ya ƙara girma Kawu, amma Chelsea ba ta yoyo a 2003. Abramovich ya zo ya zuba masa kuɗin da ba a taɓa gani ba: Makelele, Crespo, Veron, Duff, Mutu, Joe Cole. Me ya kawo? Ko cokali. Mourinho na zuwa ya ɗauki kofi da maki 95.

Kawu Mai Rediyo: Ɗana, wa ya sayo Lampard daga West Ham a 2001? Wa ya sayo Gallas? A hannun wa John Terry ya zama ɗan wasan da ba a ajiyewa a benci? Kuma ranar ƙarshe ta kakar 2003, da Chelsea ta doke Liverpool 2-1 ta samu gurbin Zakarun Turai, wa ke bakin fili? Bayan 'yan makonni ne Abramovich ya sayi ƙungiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Stamford: Na yarda da duk wannan. Amma ni akwai daren da ba zan yafe ba: Monaco, Afrilun 2004, wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai. Mun fitar da Arsenal a Highbury da ƙwallon Wayne Bridge, hanya ta buɗe. Ana 1-1, aka ba ɗan Monaco jan kati, sun koma mutum goma. Abin da ya rage kawai a riƙe wasa. Shi kuwa Baba Ranieri ya riga ya sako Veron da bai gama warkewa ba, ya zo ya cire Melchiot mai tsaron baya ya sa Hasselbaink, mutane suka rasa inda za su tsaya. Mutum goma suka zura mana biyu, 3-1. Ina zaune na riƙe kai da hannu biyu har aka tashi, na kasa ko miƙewa. Ba banza 'yan jaridar Ingila suka laƙaba masa Tinkerman ba, wato mai taɓe-taɓe, wanda ba ya iya barin abu yadda yake.

Na Totti: Yauwa, nan nake jiran ka. Riƙe wannan daren naka, bari in ba ka nawa.

Afrilun 2010, wasan hamayya da Lazio. Roma na saman tebur, Inter ta Mourinho na bin ta a baya. Aka tafi hutun rabin lokaci Lazio na gaba da ci ɗaya. Da aka dawo sai muka ga babu Totti, babu De Rossi. Kyaftin da mataimakinsa, 'yan asalin birnin su biyu, ya zaunar da su lokaci guda, a wasan da duk Roma ke jira shekara guda. Wallahi a lokacin na ce tsohon nan ya haukace. Dalilinsa shi ne duk biyun suna da katin gargaɗi kuma jininsu ya hau, wasan ya shige musu zuciya. Vucinic ya ci biyu, aka tashi 2-1.

To ka gaya mini bambancin wannan da abin da ya yi a Monaco. Hali ɗaya ne, ƙarfin hali ɗaya ne. Can ƙwallo ta ƙi, aka ce mai taɓe-taɓe. Nan ta karɓa, aka ce gwani.

Ɗan Stamford: To ya ci kofin?

Na Totti: Kai dai ba ka da tausayi. Sampdoria ta zo har gida, Pazzini ya zuba mana biyu. Inter 82, mu 80. Amma ka tuna ya karɓi ƙungiyar ne bayan ta sha kashi a wasa biyun farko Spalletti ya ajiye aiki. Kuma Inter ɗin da ta sha gabansa ita ce ta cinye kofi uku a shekarar.

Gunner Har Abada: Abin lura: na biyu a bayan Arsenal da ba a doke ta ba a 2004, na biyu a bayan Inter mai kofi uku a 2010, na biyu a bayan PSG mai kuɗin Qatar a 2014. Mutumin nan dai ya iya zaɓen shekarar da zai yi na biyu.

Malama Ummi: Ku ba ni dama in sa baki, don na ga kuna auna kocin Italiya da mudun Ingila. A Ingila ta da, manaja shi ne komai: shi ke sayen 'yan wasa, shi ke sayarwa, shi ke tsara matasa. Shi ya sa Ferguson ya yi daga 1986 zuwa 2013, Wenger daga 1996 zuwa 2018. A Italiya ba haka tsarin yake ba. Akwai daraktan wasanni, shi da shugaban ƙungiya ke cefanen 'yan wasa, koci aikinsa ya horar da abin da aka ba shi. Tunda ba shi ya gina gidan ba, cire shi ba ya rusa komai a idon masu gida. Kuma in an sallame shi, yawanci kwantiraginsa na nan, ana ci gaba da biyan sa yana zaune, har akan sake kiran wanda aka kora a cikin kaka guda in magajinsa ya gaza. Marigayi Zamparini na Palermo ya shahara da wannan.

Saboda haka kocin da ya taso a can bai ɗauki kora a matsayin abin kunya ba, wani ɓangare ne na sana'a. Ku dubi Ancelotti: Reggiana, Parma, Juventus, Milan, Chelsea, PSG, Real Madrid, Bayern, Napoli, Everton, ya koma Madrid, yanzu Brazil. Akwai wanda ya taɓa ce masa ɗan ga-ruwa?

Ɗan Stamford: Malama, Ancelotti ya ci gasar ƙasashe biyar, ya ci Zakarun Turai sau biyar. Shi yawonsa da kaya yake dawowa.

Malama Ummi: Haka ne. Ashe ke nan ba yawon ne matsalarka ba, kofi ne. Sai ka gyara tambayarka ta farko.

Baban Hanifa: Malama ta kama ka, ƙanena.

Sarkin Musu: Ni ban yarda da ku duka ba. Kuna ta wanke mutumin nan kamar ba shi da datti. Atletico Madrid fa? Ya ajiye aiki a Maris na 2000, ƙungiyar ta faɗa rukunin 'yan dagaji a ƙarshen kakar. Komawarsa Valencia a 2004, ƙungiyar da Benitez ya bari da kofin La Liga da na UEFA, ya cika ta da 'yan Italiya, kafin Maris an kore shi. Inter wata shida. Fulham wata uku da 'yan kwanaki. Watford wasa biyu kawai ya ci. Girka kuwa, tsibiran Faroe suka zo har gida suka doke shi 1-0 a Nuwamban 2014, ƙasar da mutanenta duka ba su cika babban filin wasa ɗaya ba. In mai gyara ne, waɗannan me ya sa bai gyara ba?

Kawu Mai Rediyo: Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan kare Valencia ta biyu ba, nan kam ya yi kuskure. Girka ma ba aikinsa ba ne, mutumin da ya saba ganin 'yan wasa kullum aka ba shi su na kwana kaɗan a wata. Amma Atletico ta wancan lokaci tana hannun Jesus Gil, kotu ma ta karɓe ragamar ƙungiyar a tsakiyar kakar saboda binciken kuɗi. Watford kuma, ka ƙirga kocin da iyalan Pozzo suka canza tun 2012 ka gani ko akwai wanda ya tsira. Roy Hodgson da ya gaje shi ma bai hana su faɗuwa ba. Fulham ma haka, bayan tafiyarsa ta faɗi. Wani ciwon ya fi ƙarfin mai magani.

Sarkin Musu: To me ya kai shi karɓa? Mutum ya ci Firimiya, duniya ta tafa masa, sai ya je yana karɓar aikin da kowa ya san ba ya ɓullewa. Da ya yi zamansa a 2017 da mutuncinsa ya fi haka.

Na Totti: Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Akwai mutanen da in ka raba su da filin atisaye ka gama da su. Kuma da ya zauna a 2017, da babu Cagliari ta 2023.

Auta: Yayyena ku yi haƙuri, ni Leicester kawai na sani a labarin nan. Me ya faru a Cagliari?

Na Totti: Auta, zauna ka ji. Ƙarshen 2022 Cagliari na tsakiyar tebur a rukuni na biyu, suka kira shi, shekara 31 bayan ya bar su. Yana da shekara 71. Ya kai su wasan cike gurbi, wasan ƙarshe da Bari. An yi 1-1 a gidan Cagliari, kuma bisa ƙa'ida in aka tashi canjaras a karo na biyu Bari ce za ta hau. Fili cike da magoya bayan Bari, ana ruwan sama, sun fara murna. Dab da tashi ya sako Pavoletti daga benci. Minti na 94 Pavoletti ya zura ta. Tsohon ya fashe da kuka a bakin fili. Abin da ya fi burge ni, da magoya bayan Cagliari suka fara yi wa 'yan Bari ba'a, shi da kansa ya je gabansu yana ɗaga hannu yana cewa su bari.

Kakar da ta biyo baya ya tsirar da su a Serie A. A ciki ne Frosinone na gaba da su 3-0, suka farke suka ci 4-3.

Gunner Har Abada: Wannan ramuwa ce. Ba 4-3 ɗin ce ta raba shi da Roma a 2011 ba? Suna gaba 3-0 Genoa ta farke, ya ajiye aiki a daren.

Na Totti: Ita ce. Kai kuma ba ka mantuwa da abin baƙin cikin mutane.

Auta: To ni abin da har yau ban gane ba, ya aka yi Leicester ta kore shi wata tara bayan kofi?

Baban Hanifa: Auta, wannan ita ce tambayar. Ka fara da yadda ya zo. Yuli 2015, wata takwas bayan abin kunyar Faroe, har Gary Lineker, ɗan garin kuma tsohon ɗan wasansu, ya yi mamaki a fili. Masu caca sun sa 5000 da 1 a kan Leicester za ta ci kofi. Nigel Pearson ya bar masa ƙungiyar da ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe ta tsira da ƙyar. Abin da mai taɓe-taɓen ya yi shi ne ya ƙi taɓa komai. Ya bar mataimakan da ya tarar, Craig Shakespeare da Steve Walsh, wanda shi ya gano Mahrez da Kante. Ya tsaya kan 4-4-2, kusan mutum goma sha ɗaya ɗin nan kullum: Morgan da Huth a baya, Kante da Drinkwater a tsakiya, a bar wa abokin hamayya ƙwallo, in an ƙwace a jefa wa Vardy ya ruga. Vardy ya ci a wasa 11 a jere. Duk lokacin da 'yan jarida suka tambaye shi kofi, sai ya ce shi maki 40 yake nema, wato abin da zai tsirar da su daga faɗuwa. Da haka ya ɗauke wa yaran nauyi. Ranar da Chelsea ta riƙe Tottenham 2-2 kofin ya tabbata, shi ya tafi Roma cin abincin rana da mahaifiyarsa mai shekara 96.

Sai Kante ya tafi Chelsea, Walsh ya tafi Everton. Aka sayo Slimani da Ahmed Musa da Mendy, Ndidi bai zo ba sai Janairu. Ramin da Kante ya bari ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sauran ƙungiyoyi kuma sun gane, suka daina bar wa Vardy fili. Nan tsohon hali ya dawo, ya shiga canje-canje yana neman mafita. Zuwa Fabrairun 2017 maki ɗaya ne tsakaninsu da 'yan dagaji. Ranar 23 ga wata, kwana ɗaya bayan Sevilla ta ci su 2-1 a Zakarun Turai, aka sallame shi.

Sarkin Musu: Kuma suna korar sa suka ci Liverpool 3-1, suka fitar da Sevilla, suka tsira. Ke nan masu ƙungiya sun yi daidai.

Malama Ummi: Ta fuskar lissafi, wataƙila. Faɗuwa daga Firimiya asarar miliyoyin fam ce, ba a biyan albashi da tarihi. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda ƙafafun da suka yi nauyi wata shida suka warware cikin kwana huɗu. Ban ce komai ba, na dai lura.

Ɗan Stamford: Ko Mourinho sai da ya sa riga mai harafin CR, wato Claudio Ranieri, a gaban 'yan jarida a makon. Shi da ya taɓa yi masa gorin tsufa a 2008, lokacin Ranieri bai ma kai sittin ba.

Kawu Mai Rediyo: Ai lokacin shi ma ya ɗanɗana. Wata bakwai bayan ya ci wa Chelsea kofi aka kore shi a Disambar 2015, kuma wasansa na ƙarshe Leicester ta Ranieri ce ta doke shi 2-1. Yanzu ƙirga nasa: Benfica, Leiria, Porto, Chelsea, Inter, Madrid, Chelsea, United, Tottenham, Roma, Fenerbahce. Wanda ya daɗe a sana'ar nan, jakarsa ba ta rabuwa da bakin ƙofa.

Sarkin Musu: Simeone fa? Yana Atletico tun Disambar 2011.

Kawu Mai Rediyo: Shi ya sa ka iya kiran sunansa ba tare da ka yi tunani ba. Kawo mini guda biyar irinsa a manyan ƙungiyoyi yau.

Sarkin Musu: Ba ni lokaci.

Na Totti: Kafin ya dawo bari in ƙarasa. Mayun 2024 ya ce ya yi ritaya. Roma ta kori De Rossi a Satumba, ta kori Juric a Nuwamba, tana ƙasan rabin tebur, magoya baya na fushi da masu ƙungiya. Wa aka kira? Ɗan shekara 73. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya ƙare na biyar, maki ɗaya ya raba shi da gurbin Zakarun Turai. Da Italiya ta sallami Spalletti a Yunin 2025 aka yi masa tayin ƙungiyar ƙasa, ya ce a'a, ya zauna a Roma a matsayin mai ba da shawara, Gasperini ya karɓi horarwa.

Ɗan Stamford: To shi ke nan. Na janye "ɗan ga-ruwa", ban kyauta ba. Amma ba zan sa shi layi ɗaya da Ferguson ko Ancelotti ba, kuma a nan nake tsaye. In ƙungiyata na neman kofi da manyan taurari, ba shi zan kira ba. In tana nutsewa, lambarsa zan fara nema.

Baban Hanifa: Yadda kuke canza koci a Stamford Bridge, ka ajiye lambar kusa.

Ɗan Stamford: Daren Monaco dai har yanzu ban yafe ba. Veron fa, Yaya. Veron!

Sarkin Musu: Na samo biyu. Ana ƙirga Guardiola?

Kawu Mai Rediyo: Saura uku. Ina nan ina jira.